LABARIN YONATAN EDWARDS, SAURAYIN DA YA RUBUTA WA KANSA DOKOKI SABA'IN

Ya kai mai karatu, ko ka soma bin Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana tsaye bakin ƙofa tukuna kana tambaya, na sani akwai wata damuwa da ta kan zo wa mutum bayan murnar kwanakin farko ta lafa. Ya kan duba kansa, ya iske harshensa na dā yana nan, fushinsa yana nan, ƙyuyarsa kuma ba ta tafi ko'ina ba. Sai ya yi ta marmarin wani ma'auni da zai riƙa gwada tafiyarsa da shi. Waɗansu su kan zo wurina su roƙe ni in rubuta musu dokoki a takarda. Ni kuwa kafin in ɗauki alƙalami, na kan zaunar da su in ba su labarin wani mutum wanda ya yi wannan abu tun yana saurayi, da abin da dokokin nan suka amfane shi, da inda suka kasa.

Sunansa Yonatan Edwards. An haife shi ran 5 ga Oktoba 1703, a wani ƙauye wai shi East Windsor, cikin ƙasar Connecticut, can Amurka, sa'ad da ƙasar ta ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Ubansa, Timoti Edwards, shi ne mai wa'azi na ƙauyen. Uwarsa Esta kuwa 'yar wani babban malami ce, Sulemanu Stoddard, limamin ikilisiyar Northampton. Su goma sha ɗaya aka haifa a gidan, goma mata, shi kaɗai ne namiji, shi ne kuma na biyar. Uban ya koya masa Latin tun yana ƙarami, har ya shiga babbar makaranta ta Yale cikin 1716, bai ko cika shekara 13 ba. Ya fita cikin 1720, shi ne kan gaba cikin 'yan ajinsu.

Tun yana yaro ya taɓa ɗanɗana irin addinin da mutum ya ke ɗaura wa kansa. Wata shekara aka yi farkawa a ikilisiyar ubansa, sai shi da abokansa suka shiga wata fadama, suka kafa bukka a ɓoye domin addu'a. Shi kansa ya kan keɓe ya yi addu'a har sau biyar a yini. Ka ga yaro sai ka ce ya riga ya zama waliyyi. Amma da watanni suka wuce, zafin ya huce, ya bar addu'ar, ya koma halinsa na dā. A shekararsa ta ƙarshe a makaranta kuma ciwon haƙarƙari ya kama shi har ya ga kabari kusa, ya yi ta ɗaukar wa Allah wa'adi. Da ya warke, wa'adin ya bi iska. A kwanakin nan zancen ikon Allah bisa kome da kome abin ƙi ne a gare shi, zuciyarsa ta kan yi ta gardama da shi.

Cikin 1721 ne abin ya sāke. Yana karanta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 1, aya ta 17, inda manzon ya ke yabon Sarki madawwami, sai wani sabon sani na ɗaukakar Allah ya shiga ransa, abin da dā ya ke tsoro ya zama masa abin daɗi. Lura da wannan, ɗan'uwana, gama shi ne gindin maganar. Ban gaskiya ce ta fara zuwa, dokokin suka biyo baya. Bai rubuta su domin ya sayi ceto ba. Ya rubuta su domin ya riga ya sami wani Ubangiji wanda ya ke so ya gamshe shi.

Cikin watan Agusta 1722 aka kira shi ya kula da wata 'yar ƙaramar ikilisiya a birnin Niyu Yok, shekararsa 18. Baƙo ne, ba uba kusa, ba malami mai duba shi. Ya kan fita bakin kogin Hudson shi kaɗai ya yi tunani da addu'a. A can ya fara rubuta ƙudurorinsa. Kafin ƙarshen shekarar ya rubuta fiye da 30, ya yi ta ƙarawa ɗaya ɗaya, yadda bukata ta nuna masa, har na 70 ɗin ya cika ran 17 ga Agusta 1723, bayan ya koma gidan ubansa. A bisa kan takardar ya fara da shaida cewa ba shi da ikon yin kome sai da taimakon Allah, ya roƙi alheri domin ya iya kiyaye su, muddin sun dace da nufin Allah. Sa'an nan ya sa wa kansa ya riƙa karanta su duka sau ɗaya kowane mako.

Ba zan jera maka su duka ba. Waɗansu manya ne ƙwarai, irin na saurayi mai zafin zuciya: wai kome zai yi ya zama domin ɗaukakar Allah, wai ba zai ɓatar da ko ƙiftawar ido ta lokacinsa ba, wai ba zai aikata abin da zai ji tsoron aikatawa ba in da sa'arsa ta ƙarshe ce. Amma waɗanda suka fi kama zuciyata su ne ƙananan, na cikin gida. Ya hana kansa ramuwa. Ya hana kansa yin fushi da dabba, ko kaɗan. Wanda ya taɓa jibgar jakinsa domin matarsa ta ɓata masa rai da safe, ya san dalilin wannan doka. Ya ɗaure kansa ga yin hankali wajen ci da sha. Ya kuma rubuta cewa ba zai bar ɓacin rai ga ubansa ko uwarsa ya fito ba, ko cikin muryarsa, ko cikin yadda ya ke duban su. Saurayin da bai taɓa harara ba, ba zai tuna da rubuta irin wannan ba. Ta wurin dokokin mutum ka kan gane rauninsa.

Harshe kuwa ya ba shi aiki fiye da kome, gama ya koma kansa sau da yawa. Ya ƙudura ba zai faɗi mugun abu a kan kowa ba sai in akwai wani alheri na gaske da faɗar za ta kawo. Ya ƙudura in yana ba da labari zai faɗi tsantsar gaskiya, ba ƙarin gishiri. Doka ta ƙarshe ma, ta 70, a kan magana ta ke, wato ya zamana akwai nufin alheri cikin duk abin da zai fito bakinsa. Akwai wata kuma wadda na ke so ka riƙe. Hausawa su kan ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Shi Edwards ya juya abin. Ya sa wa kansa cewa in ya ga wani ya faɗi cikin zunubi, zai ɗauka kamar shi ne ya aikata, ganin nan ya zama masa dalilin jin kunya da tuba, kada ya zama abin hira.

Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. Kowane dare kafin ya kwanta ya kan tambayi kansa inda ya yi sakaci yau, da zunubin da ya yi, da inda ya hana kansa abin da ransa ya so. Haka kuma ƙarshen mako, da ƙarshen wata, da ƙarshen shekara. In ya yi wani laifi na fili, sai ya bi sawunsa baya baya har ya kai inda ya tsiro, kamar manomi mai tonon jijiyar ƙaya, sa'an nan ya yi yaƙi da tushen. Ya ajiye wani littafi dabam, wanda ya fara ran 18 ga Disamba 1722, inda ya ke rubuta yadda al'amarin ya ke tafiya.

To, littafin nan shi ne ya tona asirin. Mako biyu da farawa, ran 2 ga Janairu 1723, ya rubuta cewa zuciyarsa ta yi sanyi, ya kuma gane ta wurin gwadawa cewa kome yawan ƙudurin da zai yi, da dabarun da zai ƙago, banza ne in Ruhun Allah bai motsa ba. Kwana goma bayan wannan ya miƙa kansa ga Allah dungum da alkawari mai nauyi. Ba a daɗe ba ya sāke rubuta cewa ya koma baya. Haka ya yi ta hawa da sauka. Da ya koma Yale yana koyarwa, daga 1724, ransa ya nutse ƙwarai, har cikin 1726 ya rubuta cewa ya yi wajen shekara uku cikin sanyin ruhu. Da ya manyanta, wajen 1740, ya waiwayi kwanakin nan, ya shaida cewa ya nemi tsarki da himma mai yawa, amma ya dogara ga ƙarfin kansa fiye da kima, wannan kuwa ya cuce shi daga baya. Amma cikin dokokin akwai ɗaya da ta riƙe sauran, ita ce ta 56, wadda ta hana shi barin yaƙi da mugun halinsa kome yawan kāyen da ya sha.

Ni ma na taɓa yin nawa. Ina makaranta na rubuta dokoki goma sha biyu a bayan littafin lissafi, na ja musu layi da kyau. Ta uku ita ce ba zan ƙara yin faɗa ba. Kwana huɗu aka yi, na mari wani yaro a kan tulun ruwa. Kunya ta kama ni, na yage takardar na jefa a murhu. Marin laifi ne, amma yagewar ta fi shi muni, gama girman kai ne ya sa na ƙi ganin shaida a kaina.

Cikin Fabrairu 1727 aka naɗa shi mataimakin kakansa a Northampton, cikin Yuli kuma ya auri Saratu Pierpont, yarinya mai shekara 17, mai tsoron Allah da fara'a. Allah ya ba su 'ya'ya goma sha ɗaya. Kakan ya rasu cikin 1729, nauyin ikilisiya duka ya dawo kansa. Cikin 1734 da 1735 aka yi babbar farkawa a garin, mutum wajen 300 suka shaida tuba cikin wata shida. Sunansa ya kai har Ingila da ƙasar Sikotlan. Dokarsa ta lokaci bai sake ta ba: ya kan tashi tun da asuba, ya kan yi sa'a 13 a ɗakin karatu a yini.

A nan ne kuma rauninsa ya ɓuya. Mutumin da ya ke jin zafin kowace daƙiƙa ba shi da sauƙin zama a zauren maƙwabci a yi gaisuwa mai tsawo. Ba ya bin gida gida sai an kira shi domin ciwo ko wata masifa, jama'a kuwa suka ɗauke shi mutum mai nisa. Cikin 1744 aka kama waɗansu samari suna yawo da wani littafi na unguwarzoma, suna yi wa 'yan mata ba'a ta batsa da abin da suka karanta. Tsauta musu daidai ne. Amma Edwards ya tsaya gaban jama'a ya karanta sunaye, bai rarrabe masu laifi da shaidu ba, cikinsu har da 'ya'yan manyan gari. Iyaye suka ji an kunyata su, ba su kuwa manta ba. A ganina ya kiyaye gaskiya a ranan nan, ya bar alheri a gida.

Babbar rigima ta tashi a kan Jibin Ubangiji. Kakansa ya kan bar duk wanda aka yi wa baftisma, in ba shi da abin kunya a fili, ya zo teburin. Edwards ya bi al'adar shekaru da yawa, sa'an nan bincikensa cikin Littafi Mai Tsarki ya kai shi ga cewa sai wanda ya shaida ban gaskiya daga zuciya. Ya san faɗar haka za ta iya raba shi da abincinsa, ya faɗa duk da haka. Ran 22 ga Yuni 1750 aka sallame shi, bayan shekara 23 yana yi musu hidima. Fiye da mutum 200 suka ce ya tafi, 23 kaɗai suka tsaya masa. Shekararsa 46, yana da 'ya'ya goma a raye, autan bai cika wata uku ba, ba shi kuma da wata sana'a.

Nan ne za ka ga ko takardar saurayi ta yi amfani. Wani mai wa'azi, Dawuda Hall, wanda ya zauna cikin majalisar da ta yanke maganar, ya shaida cewa duk makon nan bai ga alamar ɓacin rai a fuskarsa ba. Ran 1 ga Yuli ya yi musu wa'azin ban kwana, ya tuna musu cewa shi da su za su sāke gamuwa gaban Mai Shari'a, bai zagi kowa ba. Da suka rasa wanda zai hau mumbari, suka riƙa komowa wurinsa mako mako, shi kuwa ya yi ta yi musu wa'azi har watanni, mutanen da suka kore shi. Wanda ya ja gaban masu ƙinsa ɗan ƙanwar uwarsa ne, Yusufu Hawley. Cikin 1754 Hawley ya rubuto yana neman gafara, Edwards ya amsa masa ya nuna masa laifinsa a fili, bai rufe ba. Cikin 1760 Hawley ya sa aka buga tubansa a jarida a Boston, kowa ya karanta. Dokar hana ramuwa an rubuta ta shekara 27 kafin ranar da aka bukace ta. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Cikin 1751 ya koma Stockbridge, wani ɗan gari a bakin daji, ya zama mai bishara ga 'yan ƙasa na asali, Mahikan da Mohok, yana yi musu wa'azi ta bakin tafinta. Talauci ya matsa, har 'ya'yansa mata suka riƙa yin mahuci da ɗinki domin sayarwa, shi kuwa yana rubutu a kan guntayen takardun da suka rage. Ya iske waɗansu Turawa masu ƙarfi, danginsa ne ma, suna cin moriyar kuɗin da aka aiko domin makarantar 'yan ƙasa, ya yi ta fama da su shekaru har aka raba su da makarantar. A can kuma ya rubuta manyan littattafansa, har da wanda ya yi a kan nufin ɗan adam, na 1754.

Yanzu dole in gaya maka abin da ba na jin daɗin faɗa, gama in na ɓoye na karya dokar gaskiya da na yaba. Cikin 1731 Edwards ya tafi garin Newport ya sayi wata yarinya baƙar fata, mai shekara wajen 14, ana kiranta Venus, a kan fam 80. Ya riƙe bayi har mutuwarsa. Cikin 1741 ya rubuta kāriya ga wani mai wa'azi da jama'arsa suka zarga domin yana da bayi. Gaskiya ne ya ƙi a riƙa kamo 'yantattun mutane daga Afirka, gaskiya ne kuma ya karɓi baƙaƙe cikin ikilisiya. Amma yarinyar nan 'yar wani ce. Mu da kakanninmu suka san kasuwar bayi, waɗansu suna saye, waɗansu ana sayar da su, ba ma bukatar a fassara mana. Mutumin da ya hana kansa yin fushi da doki ya biya kuɗi ya mallaki mutum, ya kwanta da dare ya bincike zuciyarsa, bai iske kome ba a wannan wuri. Cikin dokoki 70 babu ko ɗaya da ta ambaci bawa. Dalili kuwa, mutum ya kan rubuta doka a kan laifin da ya riga ya gani. Laifin da dukan gari su ke yi, har da malamai, ba ya kan shiga takarda. Sai na bayansa suka gani. Almajirinsa Sama'ila Hopkins ya zama mai wa'azi a Newport ɗin nan cikin 1770, ya tsaya gaban masu jiragen bayi ya ce bauta zunubi ce. Ɗansa kuma, Yonatan ƙarami, ya yi wa'azi a kan muguntar bauta cikin 1791.

Saboda haka in za ka rubuta naka, ban hana ka ba, amma ka ji shawarata. Saba'in sun yi maka yawa, fara da uku ko huɗu, kowace kuwa ta kama wani laifi naka na gaske, mai suna, kamar bashin da ka ke ƙin biya, ko mudun da ka ke tauyewa, ko yadda ka ke yi wa matarka tsawa gaban yara. Da boko ko da ajami duka ɗaya ne, in ba ka iya rubutu ba ka haddace su. Ka fara da roƙon taimako kamar yadda ya yi, ka duba su ran Lahadi. Ranar da ka karya ɗaya, ka kai maganar wurin Almasihu, kada ka kai takardar murhu. Ka kuma nuna ta ga wani dattijo cikin ikilisiya, ko ga wanda ya ke ƙarƙashin hannunka, ka tambaye shi abin da ka manta, ka bar fili a ƙasan takardar domin amsarsa.

Cikin Satumba 1757 surukinsa Haruna Burr, shugaban babbar makarantar da ke Princeton, ya rasu, aka roƙi Edwards ya gaje shi. Ya rubuta musu yana kawo uzuri, ya lissafa raunin jikinsa da rashin iya hulɗa da mutane, amma da majalisar masu wa'azi ta ce ya tafi, ya yi kuka a gabansu, ya yarda. Aka naɗa shi ran 16 ga Fabrairu 1758. Agana tana gari a lokacin. Allurar rigakafi irin wadda ta kawar da cutar daga duniya, har aka yi shelar ƙarewarta cikin 1980, ba a san ta ba tukuna. Abin da a ke yi shi ne a ɗebi ruwan ƙurjin mai ciwo a sa cikin tsaga a fatar mai lafiya. Aka yi masa haka ran 23 ga Fabrairu. Ƙuraje suka fito masa a baki da maƙogwaro, har ya kasa haɗiyar magani.

Da ya ga ƙarshe ya zo, ya kira 'yarsa Lusi, gama matarsa tana Stockbridge tana shirin ƙaura. Ya aika wa Saratu da gaisuwar ƙauna, ya ce zumuncin da ke tsakaninsu na ruhu ne, yana sa zuciya ba zai yanke ba. Ya gargaɗi 'ya'yansa su nemi Uban da ba ya mutuwa. Ya ce a binne shi ba tare da ado ba, kuɗin da za a ɓatar a ba matalauta. Ya cika ran 22 ga Maris 1758, yana da shekara 54. 'Yarsa Esta, matar Burr, ta bi shi cikin Afrilu, ta bar marayu biyu. Saratu ta zo ɗaukarsu, atuni ya kama ta a Philadelphia, ta rasu ran 2 ga Oktoba, aka binne ta kusa da mijinta a Princeton.

Dokokin nan bai taɓa buga su ba, gama domin kansa ya rubuta. Sai cikin 1765 Hopkins ya fitar da waɗansu cikin tarihin malaminsa, daga baya kuma, wajen 1830, tattaɓa kunnensa Sereno Dwight ya buga su duka 70.